Zazzaɓin da Muka Ɓoye

Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin metiron, mai kula da lafiyar ɗalibai, a makarantar kwana ta 'yan mata, kuma babu dabarar ciwon ƙarya da ban sani ba. Na kama masu cusa albasa a hammata don jiki ya yi zafi, na kama masu kara goshi a jikin butar shayi. Kallo ɗaya nake yi wa yarinya in ce ta tashi ta wuce aji tun ban saɓa mata ba. Sai ga shi ni ɗin nan, da furfurata da komai, na koma koya wa mutane yadda ake ɓoye zazzaɓin gaske.

A ɗakin wankin ƙoda abin ya faru. Gado shida ne, uku na kallon uku, kowanne da injinsa a gefe yana juya jini. Mu 'yan safe ne, Talata da Alhamis da Asabar, awa huɗu kowane zuwa. Shekarata ta shida ke nan a gado na biyu, shi ya sa suke ce mini Monita. Tsohon Direba na gado na biyar shi ya laƙaba mini, wai ko inji sai ya nemi izinina kafin ya yi ƙara. Ban taɓa hana su ba, don gaskiya sunan ya yi mini daɗi.

Mu iri biyu ne a ɗakin. Akwai masu hannu, irina, waɗanda aka yi wa ƙaramar tiyata aka haɗa jijiyoyi biyu a dantse. A nan ake soka allura a ja jini, in an gama a zare, ka tafi gida ba komai a jikinka. Akwai kuma masu roba, waɗanda aka zura wa siririyar roba ta gindin wuya, ta bi jijiya har bakin zuciya, kawunanta biyu suna kwance a ƙirji ƙarƙashin filasta. Mai roba ba ya kwara ruwa a ka, ba ya kwanciya ta wannan ɓarin, kuma dare da rana hanya a buɗe take zuwa cikin jininsa. Burin kowane mai roba shi ne ya koma mai hannu. To, likitan da ke wannan aikin ba na asibitinmu ba ne. Sau ɗaya yake zuwa a wata huɗu, ya yi wa mutum goma sha biyu, ya kama gabansa. Jerin sunayen yana manne a bangon ofishin Sista, babbar nas ɗinmu. Duk wanda aka samu da zazzaɓi kafin ranar, sai a soke sunansa a ba na bayansa.

A watannina na farko akwai wani bawan Allah da muke kira Mai Hoto. Saura mako guda a yi masa aikin, ya faɗa wa Sista jikinsa da ɗan zafi. Mura ce kawai, kwana uku ta sake shi, amma suna ya riga ya tafi. Ya zauna jiran zagayowar likita, robarsa ta toshe sau uku, bai kai ba. Tun daga nan muka yi wa kanmu doka wadda ba a rubuta ba. In kana kan jeri zazzaɓi ya kama ka, ka haɗiye farasitamol biyu awa ɗaya kafin ka iso. Kowannenmu yana zuwa da gorar ruwa daskararriya, tunda an ƙayyade mana sha, tsotsa muke yi kaɗan-kaɗan. Sai ka kara ta a goshi da wuya kana zaune a layi, don ma'aunin Sista irin wanda ake nuna wa goshi ne. In kuma rawar sanyi ta kama ka a kan inji, sai ɗakin gaba ɗaya ya hau mitar iyakwandishan, kowa ya nemi bargo, naka ya ɓace a cikin na jama'a. Ni kaina haka na yi na samu hannuna. Bayan nan mutum huɗu na koya wa, kuma huɗun duk sun tsallake, sun samu hannunsu.

Tela ita ce ta biyar.

A gado na uku aka sa ta, kusa da ni. Shekararta ashirin da tara, ƙodarta ta tsaya ne bayan haihuwar 'yarta ta fari, wata bakwai ke nan tana fama da roba. Da jakar ɗinki take zuwa. Tunda mai roba hannuwansa biyu a sake suke, sai ta yi ta kalmasa bakin riga ana wanke ta, tana tsokanata wai ni da nake taƙama da hannu ko ƙaiƙayi ba na iya sosawa. Gwaggo take ce mini. Ni ban haifi mace ba, maza uku ne, kuma duk sun yi nisa. Ba zan ɓoye ba, yarinyar ta shiga raina. Mijinta, mai aikin walda, shi ke kawo ta a babur, ya zauna a rumfar 'yan rakiya da ke tsakar asibiti har a gama, don ba a barin dangi su wuce ƙofar gilashi.

Abu biyu take so a duniya, kuma kullum sai ta faɗa. Ta tsaya ta kwara ruwa tun daga ka har ƙafa, sannan ta rungume 'yarta a ƙirji. Yarinyar ta kai lokacin damƙar duk abin da ido ya gani, ta taɓa finciko robar har jini ya ɗan fito, tun ranar ba a ba ta ita sai an juya bayan yarinyar zuwa ƙirjinta. Tela ta ce yarinyar ta fara miƙa hannu ga kakarta in tana kuka, ita kuwa sai dai kallo. Da sunanta ya fito na tara a jeri, a tsaye ta karanta shi sau uku.

Saura kwana ashirin, wata Talata, minti arba'in da ɗora ta a inji, na ga allura tana rawa a hannunta. Ta ajiye ɗinkin ta naɗe hannuwa. Haƙoranta suka fara haɗuwa. Na san me nake gani. Rawar sanyin da ke farawa bayan an kunna inji ba ta mura ba ce, na ji Sista ta faɗa ba sau ɗaya ba. Amma na kalli fuskar yarinyar nan, na tuna Mai Hoto, sai kawai na ɗaga murya na ce wa ƙaramar nas ko kifi suka ajiye a ɗakin nan da za su ƙure sanyi haka. Tsohon Direba ya karɓe, wai shi ƙafarsa ma ta daina jin sa. Aka rarraba barguna. Da aka sauke mu na ja ta bayan ƙofar banɗaki, na zaro ƙwaya biyu daga jakata na sa mata a tafin hannu, na karanta mata sauran dokar.

Ta tambaye ni ko ba komai. Na ce mata ni ba ga ni ba.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne na san ko an yi aikin hannu ba a cire roba ranar. Sai jijiya ta nuna, mako shida ko takwas. Ke nan ba kwana ashirin nake neman ta jure ba, wajen wata biyu da rabi ne. Na sani sarai, amma na ce wa zuciyata in dai an yi aikin, washegari ma a faɗa wa Sista, suna dai ba zai soku ba. Da wannan na yi ta lallashin kaina.

Makon farko lafiya lau, ko dai haka muka ga dama mu gani. Takan iso da murmushinta, ta zauna kusa da ni a layi, ta manna gora a goshi kamar mai jin zafin rana. Ma'auni ya yi ƙara, Sista ta rubuta, ta wuce. Mako na biyu ta daina zuwa da ɗinki, ta ce aiki ya yi sauƙi. Abinci ya fita ranta. Nauyinta ya ragu, ƙaramar nas har yaba mata ta yi, wai ta iya kiyaye ruwa. Sista ta duba bakin robar sau biyu, ba ja ba ruwa, fes. Na riƙe wannan da hannu biyu, na ce wa Tela kin gani ko. Tsohon Direba kuwa ya daina tsokana. Wata Asabar muna jiran mota ya ce mini, a hankali, wannan fa ba irin na sauran ba ne. Na ce masa shekara nawa ya yi yana likita. Ya juya ya ci gaba da duban hanya, don ya san bakina.

Ranar Talata ta kwana goma sha biyar ta miƙo mini hannunta ta ƙarƙashin bargo. A kan yatsu biyu akwai 'yan ƙuraje ja, in an taɓa sai ta cije leɓe. Ƙarƙashin farce kuma wasu siraran layuka ne masu duhu, kamar tsinke ya shige. Ta ce shi ya sa ba ta ɗinki, allura ba ta riƙuwa. Ta ce kuma yanzu a zaune take barci, in ta kwanta numfashi sai ya ƙi. Ban san sunan abin ba, amma na yi shekaru ina duba jikin yara, na san jikin da ciwo ya yi wa sallama da wanda ya shimfiɗa tabarma a ciki. Na buɗe baki, sai ta riga ni, ta ce aikin ranar Litinin ne fa. Na mayar mata da hannun ƙarƙashin bargo na ce ta riƙa shafa man zafi.

Wannan maganar ta man zafi ita ce ba na iya tunawa ban rufe ido ba.

Ranar Alhamis, kwana goma sha bakwai, matakala bakwai ne daga ƙofar gilashi zuwa layinmu, sai da ta huta sau biyu. Leɓenta ya yi fari fat. Ta manta gorarta a gida, ta miƙo hannu ta karɓi tawa, ni kuma na ba ta. Ma'auni ya yi ƙara, ta wuce. Amma da aka kunna inji, ko rabin awa ba a yi ba, gadon kansa ya hau kaɗawa, ƙarfen gefe yana buga bango. Injin ya fara kuka. Ba wanda ya yi mitar sanyi. Sista ta zo da sauri, ta dafa wuyanta, ta janye hannu, ta juyo ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta tambaya ko wani ya taɓa ganin ta yi haka.

Tela ta juyo da kai wajena.

"Saura kwana huɗu, Gwaggo," in ji ta.

Na ce wa Sista ba yau ta fara ba, ta jima. Na ce a duba yatsunta, a tambaye ta yadda take barci. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ce kwana nawa ba, ban ce wa ya koya mata ba, ban ambaci gora ba. Ko a lokacin da na yi gaskiya, rabi na yi.

Aka kashe injinta, aka ɗebi jini kwalba-kwalba. Likitar ɗakinmu, wata siririya mai gilashi wadda ba ta da hayaniya, ta ɗora abin saurare a ƙirjinta ta daɗe ba ta ɗaga ba. Ta matsar da shi, ta sake dawowa wuri ɗaya. Ta tambayi Tela tun yaushe, Tela ta ce kwana uku. Likitar ba ta musa ba, ta dai juya yatsun nan ta duba, ta ce a kai ta hoton zuciya yanzu. Aka tura gadon aka fita da ita, ni kuwa ina ɗaure da allura biyu a dantse, saura awa uku da rabi, ko tashi ba dama.

Ranar Asabar likitar ta shigo ta tsaya a tsakiyar ɗaki ta ce tana so masu roba su saurara, masu hannu ma su saurara. Ba ta kira sunan kowa ba. Ta ce zuciya tana da ƙofofi huɗu, kowace da ƙyaurenta mai buɗewa da rufewa, kuma bakin roba a dab da su yake. In ƙwayar cuta ta samu wurin zama a cikin roba, duk sanda aka kunna inji sai a watsa ta cikin jini, rawar sanyin ke nan. A kwanakin farko, in ji ta, a cire robar a ba da magani ta jijiya, yawanci a wuce wurin. In aka bari, sai ƙwayoyin su sauka a kan ƙyauren zuciya su yi gida, su tara wani abu mai reto kamar ɗan tsumma, su yi ta cin ƙyauren har ya daina rufuwa. Ɓarɓashinsa kuma yana gutsurewa ya bi jini, ya tsaya a yatsa, ko a huhu, ko a ƙwaƙwalwa. Ta ce ta san ana tsoron jerin suna. Ta ce ita ba ta da ikon kawo likitan hannu kullum, amma tana roƙon mu kar wanda ya ƙara ɓoye mata zafin jiki. Tana magana tana kallon bango, ni kuwa na san da wa take.

An cire wa Tela robar wuya an sa mata ta wucin gadi a cinya, aka kwantar da ita a ɗakin masu ciwon zuciya a bene na biyu. Aka ce maganin mako shida ne, in ta yi ƙarfi a duba yiwuwar buɗe ƙirji a canja ƙyauren. Ranar Litinin likitan hannu ya zo ya yi wa mutum goma sha biyu, na tara wani ne daban.

Washegari bayan wanki na hau benen, ina dafa bango. Na same ta a jingine da filo uku, da robar iska a hanci, ƙafafu sun kumbura. Mahaifiyarta ta fita nemo ruwan zafi. Na gaishe da Tela. Na zauna a bakin gado na ce na zo in ga jiki. Ta daɗe tana tara numfashi kafin ta yi magana.

"Da kin yi shiru, da jiya an yi mini."

Na so in ce mata ba don na faɗa take kwance ba, don na makara ne. Amma yaya zan ce wa mai neman numfashi ta sake lissafin wanda ya cuce ta? Na ce ta yi haƙuri. Ta juya fuska bango. Na koma ranar Alhamis aka ce tana barci, ranar Asabar aka ce ba a shiga. Kwana goma sha ɗaya ta yi a benen nan. Wani gutsure ya tafi ƙwaƙwalwa da hantsi, kafin la'asar ta cika. Ta tafi tana jin haushina a kan abu ɗaya tak da na yi daidai.

Bayan mako biyu, ina shigowa da safe, na ga mijinta a rumfar 'yan rakiya. Ya rame, gemu ya cika masa fuska, yana riƙe da leda. Ya taso ya tare ni, ya ce bargonta ne da sabbin filasta da ba a buɗe ba, ya kawo a ba mai buƙata. Sannan ya ce dama ni yake jira. Sista ta faɗa masa ni ce na lura na yi magana, yana so ya gode mini, Allah ya saka. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Muka zauna a benci. Ya yi ta murza bakin ledar. Can ya ce akwai abin da bai faɗa wa kowa ba, ko mahaifiyarta. Wajen wata guda kafin a kwantar da ita, ta dame shi da ƙaiƙayin kai, sai ya ce bari ya wanke mata gashi. Ya naɗe ƙirjin da leda da tawul, ta sunkuya a baho, yana zuba ruwa da kofi a hankali, amma duk da haka ruwa ya gangara ya jiƙa gefen filastar. Suka busar da fanka suka yi shiru. Da likita ta ce ƙwayar cuta ta roba ta shiga, ya san daga ina ne. Ya ce ba ya iya kallon 'yarsa, in ya ɗauke ta sai ya ga kofin nan.

"Gwaggo, da hannuna na kashe ta."

Da zan iya cewa haka Allah ya ƙaddara in tashi, ba wanda zai kama ni. Amma yaron nan shekararsa talatin da 'yan kai, zai ɗauki wannan kayan har kabarinsa, kuma kayan nawa ne. Na ce masa ban san ta ina ƙwayar ta shiga ba, likita ma ba za ta rantse ba. Abin da na sani shi ne ciwon yana da magani ranar da ya nuna kansa, kuma ranar ina gado na kusa da ita. Na faɗa masa komai, jerin suna, gorar ƙanƙara, barguna, yatsun da na gani na ce a shafa man zafi. Na ce ni na koya mata shan farasitamol kafin ta iso don kar ma'auni ya kama ta. Na ce in yana neman wanda zai ɗora wa, ga ni, ya sauke wa kansa.

Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya tambaye ni kwana nawa. Na ce goma sha bakwai. Ya sunkuyar da kai yana taɓa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, Talata, Alhamis, Asabar. Sai ya tsaya cak.

"Farasitamol kika ce?"

Na ce i.

"Ni nake tsayawa a kemis in sayo mata," in ji shi. "Duk ranar wanki, a kan hanya. Ta ce mini ciwon kai ne. Har ruwa nake buɗe mata."

Ƙaramar nas ta leƙo ta ƙofar gilashi ta ce Monita, injinki ya shirya tun ɗazu. Na ce ina zuwa, amma na kasa tashi. Shi ma bai motsa ba, yana nan da yatsa ɗaya a lanƙwashe inda ƙidayar ta tsaya.